Rabon Jirgi a Kundin Hafsatu

Ranar Talata, shida ga watan Mayu na shekarar 2025, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, Tanimu Mai Jirgi ya yi sallama a zauren Malam Sahabi da ke Yelwa, rataye da sikelin awon kifi. A nan ɓarnar ta fara. Masu cewa ta fara ne ranar taron bakin ruwa ba su iya lissafin kwana ba.

Malam Sahabi tsohon hedimasta ne, shekara talatin da biyar yana riƙe da alli. Ban da karantarwa akwai aikin da ya ɗora wa kansa ba wanda ya sa shi. Tun yana ƙaramin malami yake bin tsofaffin masunta daga Shanga har Wara, yana rubuta sunayen ƙauyuka da tsibiran da ruwan Kainji ya shanye, da inda kowanne yake kwance a ƙarƙashin tafkin, da irin kifin da ke taruwa a kansa. Littafin rubutu goma sha ɗaya ya cika. Da Hafsatu, ɗiyar ƙanwarsa, ta zo rubuta kundin digirinta na biyu a kan kamun kifi, sai ya ba ta izini a rubuce ta juya aikin zuwa Turanci, ta saka shi a ƙarshen kundin, a wajen da ake kira rataye, da sunansa a kai. Izinin na kundin ne kawai. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar "kawai".

Kwafin kundin ne ke gabansa a safiyar nan, Hafsatu ta aiko masa ya duba.

Shi kuwa Tanimu, tsohon ɗalibinsa ne da ya tsere daga aji huɗu ta taga. Yanzu yana da jirgin ruwa mai inji, kuma shi ya riƙa kai Hafsatu ƙauyukan masunta wata huɗu, aka sallame shi sallamar mutunci.

"Hedimasta, na zo ɗaukar rabona," in ji Tanimu, ya dire sikeli a kan tabarma.

"Rabon me?"

"Rabon jirgi mana. Duk abin da anka kamo cikin jirgin mutum, kashi ɗaya cikin ukku na mai jirgi na. Ko ka taɓa jin an canza?"

"Wannan a kifi ne, Tanimu."

"To wanga ilimi ina anka kamo shi? Bisa keke?"

Malam Sahabi ya cire tabarau ya goge. Ya yi masa bayani a tsanake, kamar yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Kundi mallakar wadda ta rubuta shi ne. Jami'a na da ikon ajiye kwafi a ɗakin karatunta. Abin da ke cikin rataye na wanda ya tattara shi ne, wato shi Sahabi. Mai jirgi kuwa yana da godiya, kuma an yi masa ita a shafi na huɗu, layi na tara.

"Godiya?" Tanimu ya yi dariya. "Ranar da inji yam mutu gaban Shanga, godiya ta tuƙa mu? Hedimasta, kai ka san boko, ni na san ruwa. Kowa shi tsaya inda ya sani."

"Zauna nan. Bari in ɗauko maka takardar izinin ka gani da idonka."

Wannan shi ne kuskure ɗaya tilo da Malam Sahabi ya yi a duk lamarin, kuma ya amsa shi. Minti shida ya yi a cikin gida yana neman makullin akwati. Da ya fito sai ya tarar da matarsa Balaraba tsaye a ƙofar zaure da muciya a hannu, kundin kuma a kan tabarma ɗaure da igiyar komar kamun kifi, ya rame ta baya.

"Ina Tanimu?"

"Ya tahi. Ya aza littahin bisa sikeli, kilo ɗaya da rabi. Ya yage rabin kilo."

"Kina tsaye kina kallo?"

"To ni mi zan ce, Malam? Awo ya yi daidai, har sau biyu ya sake. Ya ce in gaya maka wajen wutsiya yaɗ ɗauka, ya bar muku kai da tsakiya, don ka karantar da shi."

Wutsiyar nan shafi tamanin da huɗu ce: jerin littattafan da Hafsatu ta duba, da takardar tambayoyin da ta yi wa masunta, da hirarrakinsu, da aikin Malam Sahabi ɗungurungum.

Ya kira Hafsatu a waya.

"Kawu, kwantar da hankalinka, ina da shi duka a kwamfuta."

"Ba ɓata nake tsoro ba, fita nake tsoro. Me zai yi da shi?"

"Me kuwa zai yi? Ai Baba Tanimu ba ya jin Turanci."

Ba ya ji ɗin, amma wannan bai taɓa hana Tanimu komai ba. Kafin Juma'a labari ya game kasuwar Yelwa cewa Tanimu zai buga littafi, zai ƙaddamar da shi a bakin ruwa, kuma tunda yarinyar za ta samu digiri da kundin, to kashi ɗaya cikin uku na digirin ma nasa ne. A teburin mai shayi ya yi lissafin da kansa: digiri na biyu, an raba uku, ya ce abin da ya faɗo masa ya kai a kira shi Dokta. 'Yan dako suka taya shi lissafin, suka sa masa suna Sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku. Ya ɗauka sarauta ce, yana amsawa da ɗaga hannu.

Malam Sahabi ya rubuta wasiƙa ta ɗaya, sakin layi bakwai, ya kai da kansa tashar jirgi. Bai tarar da Tanimu ba. Hayaƙi ya tarar, da Tamada mai bandar kifi, mace mai faɗin kafaɗa da ba ta san magana a hankali ba, tana juya wasu abubuwa a kan ragar banda. Ya matsa kusa. Tsakanin jeren tarwaɗa da jeren karfasa, ga shafi na ɗari biyu da goma sha bakwai yana shan hayaƙi.

"Tamada! Mene ne wannan?"

"Ilimi na, Malam. Ya hwaɗa cikin ruwan ƙasan jirgi, Sulusi ya ce in busar mashi."

"A kan wuta?"

"To a ina? Rana ta ƙi hitowa. Kak ka damu, ban taɓa ƙona kayan mutane ba. Ukku kaɗai sunka kama ta gehe."

"Shekara ashirin da takwas na yi ina tara abin nan."

"Wallahi ya yi kyau, ga shi bai da ƙaya." Ta ɗaga shafi ɗaya ta shinshina. "Wanga ya yi."

Sai ga Tanimu ya ɓullo da biro uku a aljihun gaba. Malam ya miƙa masa wasiƙar. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta sama da ƙasa, ya gyaɗa kai.

"Madalla. Za a duba. Ka san yanzu takardu sun yi mani yawa."

"Ka dawo mini da shafukana."

"Hedimasta, ka taɓa ganin an raba kihi, mai koma ya biyo mai jirgi gida ya ce a mai da? Sai a yi maka dariya. Ni ina kare maka mutunci na."

Da la'asar Balaraba ta sayo busasshen kifi a wajen Tamada. A cikin wasiƙa ta ɗaya aka ƙunso shi.

Wasiƙa ta biyu Malam Sahabi ya kai wa Nasiru, mai shagon buga katin biki da kalanda a bayan tasha, don an ce can aka kai aikin. Tun daga ƙofa warin banda ya tare shi. Kuliyoyi biyu na zaune a kan injin kwafi, Nasiru na korarsu da tsintsiya.

"Ranka ya daɗe, tun da takardun nan sunka shigo ban huta ba. Jiya wata ta cinye rabin shafi."

"Nasiru, ni na koya maka karatu. Ka san wannan aikin ba na Tanimu ba ne."

"Na gaya mashi, ranka ya daɗe. Ya ce ya riga ya yi rajista."

"A ina?"

Nasiru ya nuna masa shafin farko. Hatimin ƙungiyar masu jiragen ruwa ne, shuɗi, a karkace, da lambar jirgin Tanimu a ƙasa, da dangwalen babban yatsa. Haka aka bi kowane shafi, har wanda kyanwa ta ci.

Sannan Malam Sahabi ya ga abin da ya sa ya nemi kujera. A saman aikinsa, inda sunansa yake, an manna 'yar siririyar takarda. Tanimu bai iya Turanci ba, amma ya iya gane "Sahabi" in ya gani. Duk inda ya gan shi ya sa an liƙe, an buga "Tanimu".

Labule ya motsa, sai ga Tanimu ya fito daga ɗakin ciki, ya zo ɗaukar hoton bango. Ya sa tela ya ɗinka masa rigar digiri da jan karan-miski irin na labulen amare, ga hula mai faɗi da aka yi da kwali, da tuntun zare yana lilo a kan hancinsa.

"A'a, Hedimasta! Ka zo a sa'a. Tsaya bayana a ɗauke mu, a ga inda na hito."

"Ka cire sunana."

"Ban cire ba, na ruhe shi na. In ka ɗaga yana nan."

"Wannan sata ce, Tanimu."

"Sata da sikeli? Ɓarawo na awo?" Ya juya ga Nasiru. "Ka ji hassada irin ta 'yan boko. Shekara talatin da biyar bai buga ko kalanda ba, ni wata ɗaya."

Malam Sahabi ya kai ƙara wajen dattawan masunta. Suka saurare shi da ladabi, suka tattauna, suka ce a iya saninsu ba a taɓa hana mai jirgi rabo ba, sai dai ba su taɓa ganin an raba takarda ba, don haka a bari a gani. Wasiƙa ta uku ba ta samu wanda zai karɓa ba.

Asabar, ashirin da ɗaya ga Yuni, aka yi taron. Tanimu ya ƙi yarda a yi a ƙasa. Ya ce ilimin ruwa a kan ruwa ake ƙaddamar da shi. Aka ɗaure jirginsa a bakin gaɓa ya zama dandamali, aka gitta katako ɗaya daga tudu zuwa jirgin, aka kafa lasifika biyu. Kwafi ɗari biyu aka buga, mai suna *Sirrin Ruwa, na Dokta Tanimu Sulusi*, kuma tun kafin a buɗe taro ya rarraba su ga fasinjojin Shanga da na Wara, don kada a ce ya yi rowa. Masunta sun zo, 'yan albasa sun zo, Tamada ta baro bandarta ta zo. Malam Sahabi ya zauna a kujerar ƙarshe da wasiƙa ta huɗu a aljihu.

Wanda aka ɗauko ya yi sharhi shi ne Shamsuddeen, malamin Turanci a wata sakandare, mutum mai sanyin hali. Ya duba littafin, ya dubi Tanimu, ya rage murya.

"Dokta, da na ɗan taƙaita."

Tanimu ya fizge makirufo. "Jama'a kun ji? Wai shi taƙaita! Malam, karanta duka, ka juya da Hausa, kak ka tsallake ko ɗigo. Duk abin da ke cikin wanga littahi maganata ta, kuma gaskiya ta. Wanda yag ga ƙarya shi tashi."

Shamsuddeen ya ce to. Ya fara da shafi na farko, jerin littattafan da aka duba. Minti goma sha biyu yana jero sunayen Turawa da na shehunan malamai da shekaru. Jama'a suka fara hamma.

"Sulusi, su wa ke nan?" wani ɗan albasa ya tambaya.

"Abokan aiki na. Duk sun shiga jirgina."

"Na ji an ce alif ɗari tara da saba'in da biyu."

"Tun ina yaro nike harka da manya."

Aka shiga takardar tambayoyi. Shamsuddeen ya karanta: "Mene ne sunanka?"

"Dokta Tanimu!"

"Shekarunka nawa?"

"Arba'in da biyar."

"Ƙarya!" in ji Tamada daga baya. "Tare munka yi ƙyanda!"

Aka kwashe da dariya. Tanimu ya ce a wuce wannan babin, na yara ne.

Shamsuddeen ya juya shafi. "Jerin ƙauyuka da tsibiran da ruwa ya shanye. Wanda ya tattara: Malam Tanimu, tsohon hedimasta, wanda ya shekara talatin da biyar yana karantarwa."

Wurin ya fashe da dariya.

"Yaushe kay yi hedimasta, Sulusi?"

"Ta taga yash shiga ohis ɗin?"

Kawuna suka fara juyawa wajen kujerar ƙarshe. Malam Sahabi bai motsa ba, agogonsa kawai ya duba. Tanimu ya ɗaga hannuwa, hannun riga ya zubo har gwiwa.

"Kuskuren injin Nasiru na! Wuce, Malam, wuce wajen hira. Nan ne zuma take."

Hafsatu ta ɓoye sunayen duk waɗanda ta yi hira da su, kamar yadda ƙa'idar bincike ta ce, lamba kawai ta sa musu. Shamsuddeen ya karanta ta ɗaya zuwa ta takwas, masunta suna gyaɗa kai. Da ya zo ta tara sai ya tsaya.

"Lamba tara. Mai jirgin inji, mazaunin Yelwa, shekara hamsin da huɗu." Ya ɗago. "Dokta, ba a faɗi ko wane ne ba. Sai mu bar shi."

"Ni na!" Tanimu ya daki ƙirji har hular kwali ta karkace. "Ni na lamba tara! Yarinyar ta ɓoye sunana don kada in yi suna. Ƙara murya!"

Shamsuddeen ya ƙara murya.

"Tambaya: Ko ka san inda tsofaffin ƙauyukan suke a ƙarƙashin ruwa? Amsa: Ni? Ko ɗaya ban sani ba. Ki tambayi tsohon hedimastan nan kawunki, shi ya bi tsofaffi ya rubuta. Ni inda na ga jirage sun bi nan nake bi."

"Tsaya," in ji Tanimu.

"Ka ce kada in tsallake ko ɗigo. Tambaya: A wajen wa ka gaji sana'ar ruwa? Amsa: Ban gada ba. Babana dillalin albasa ne. Don Allah kada ki gaya wa kowa, ni ko iyo ban iya ba."

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, ihu ne. Wata tsohuwa 'yar Wara ta dafe kai.

"Shekara tara yana ƙetarar da ni da jikokina!"

"Ranar iska ta taso na!" Tanimu ya yi kururuwa, ya manta makirufo na bakinsa. "Ranar kowa na hwaɗin gaskiya! Ai ta ce ba ta sa sunana!"

"Ba ta sa ba," in ji Shamsuddeen.

Tanimu ya yi kukan kura zai ƙwace littafin, Shamsuddeen ya ja da baya ya haye tudu. Tanimu ya biyo shi a kan katako, ya taka gefen rigar digiri, katakon ya juya. Ruwan wurin bai wuce ƙugu ba, yara na wanka a ciki kullum. Amma karan-miski in ya sha ruwa nauyinsa ya fi na buhun shinkafa, kuma Dokta bai tsaya auna zurfi ba. Ya yi ta dukan ruwa yana kiran innarsa, yana kalmar shahada, hular kwali ta kama hanyar Wara ita kaɗai.

"Miƙe tsaye, Sulusi!" jama'a ke ihu. "Miƙe tsaye kawai!"

Tamada ce ta gaji. Ta kwance gorar tuƙi, ta saƙala ta a wuyan rigar, ta jawo shi tudu kamar yadda take jawo giwan ruwa, ta dire shi a gaban kujerar ƙarshe.

"Ga shi nan, Malam. In busar maka?"

Tun daga ranar mutane ke tare Malam Sahabi a hanya suna cewa Allah ya saka masa, ya bar maganar haka. Dattawan masunta sun aiko cewa yanzu sun gani, takarda ba a rabonta. Balaraba ma ta ce mutumin ya sha ruwa, ya sha kunya, fasinja sun guje shi, me kuma ake nema?

Malam Sahabi ya ce faɗawa ruwa ba ban haƙuri ba ne, santsi ne. Kwafi ɗari biyu na nan a gidajen mutane daga Shanga har Wara. Yaron da zai buɗe ɗaya bayan shekara ashirin bai ga taron ba, bai ji ihun ba. Abin da zai gani shi ne wai wani Tanimu ne ya zauna da tsofaffin da suka rasu, ya rubuta sunayen garuruwansu.

Saboda haka ga abin da ake nema, kuma ba a rage komai a ciki. Tanimu Mai Jirgi zai tsaya a tashar jirgin Yelwa ranar kasuwa, da lasifika biyu kamar na ranar taro, da rigarsa ta kullum. Zai faɗa da Hausa, da bakinsa, cewa kundin na Hafsatu ne, jerin ƙauyukan na Malam Sahabi ne, kuma shi ya ɗauka ba da izini ba. Zai maimaita a Shanga, zai maimaita a Wara. Zai bi kwafi ɗari biyun nan ɗaya bayan ɗaya ya dawo da su, har wanda aka ce an ga ana kunna wuta da shi.

Tanimu ya aiko yana tambaya ko za a yarda ya ba da kashi ɗaya cikin uku na haƙurin, tunda kashi ɗaya cikin uku ya ɗauka.

Ba a yarda ba. Duka ake so, a gaban jama'a, kuma a kan tudu.